Ko ka sani? Bindigar wasa da ashana 'yan gida ɗaya ne

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Falanko, ko a wani ƙauyen Damargu tsakanin Tanut da Balbeji, ya san ƙaurin nan da ke bin hanci ranar Sallah. Yaro ya tara kuɗin barka da Sallah, dala-dala, ya ruga wurin ɗan koli ya sayi bindigar roba da nadin jar takarda mai ɗigo-ɗigo. Ya ja kunama, tas! Hayaƙi ya tashi, kaji su watse. To, me ke cikin ɗigon nan da har yake wannan ƙara?

Amsar tana cikin akwatin ashanar da ke madafin gidanku. A kan tsinken ashana akwai wani gishiri da ake kira fotasiyam kilorat, wanda ke ɗauke da iskar da wuta ke buƙata a cikin jikinsa. A gefen akwatin kuma, inda ake ƙyastawa, akwai jan fosfaras. Da gangan aka raba su, don in sun haɗu ba su da haƙuri ko kaɗan. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Gustaf Erik Pasch, shi ya fito da dabarar rabon a 1844, domin ashana ta daina kamawa a aljihun mutane. Masu ƙera bindigar wasa sai suka mayar da su wuri guda, ɗan mitsitsi, suka rufe tsakanin takarda biyu. Ƙarfen bindiga na bugun ɗigon, sai ya ƙone gaba ɗaya kafin ƙiftawar ido, iska mai zafi ta fasa takardar. Fashewar nan ita ce ƙarar. Babu harsashi, babu abin da ke fita ta baki sai hayaƙi.

Ita dabarar tayar da wuta da bugu ba don yara aka fara ta ba. Wani limamin coci a Sikotland, Alexander Forsyth, mai sha'awar farautar tsuntsayen ruwa, ya gaji da bindigar ƙanƙara wadda walƙiyarta ke korar tsuntsu kafin harbi ya fita. A 1807 ya yi rajistar hanyar kunna albarushi da sinadarin da bugu kawai yake jira. Daga nan aka samu 'yar hular tagullar da ake kifawa a bindiga, kuma daga ita ta wasa ta fito. Bayan yaƙin basasar Amurka, wanda ya ƙare a 1865, masana'antu suka shiga zuba ƙananan bindigogin ƙarfe na yara. Kasuwarsu ta bunƙasa sosai a shekarun 1950, zamanin finafinan kaboyi. Ƙasarmu ma ba baƙuwar albarushi ba ce: a zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ana haɗa shi a Zinder, har igwa ake zubawa.

Amma ni bindigar da ta fi zama a raina ita ce ta ɗan da bai samu kuɗin saye ba. Bayan an yanke gero, kara ya cika gari, sai ya fere shi ya yi gindi da baki. Ƙarar kuwa daga tsohon mabuɗi mai rami ake samunta, ko bawul ɗin tayar keke, a kankare kan ashana a ciki, a toshe da ƙusa, a buga da dutse. Yaron nan bai taɓa jin sunan Forsyth ba, amma da hannunsa ya gano abin da mutumin ya gano, wato bugu na tayar da wuta, har ya gano cewa garin ashanar da za ka zuba a fili ka kunna sai dai ya yi fuu, wanda aka matse a rami kuwa sai ya yi tsawa, don iskar ba ta da hanyar fita. Ina ganin wannan ilimi ne na gaske, kuma da yawa daga cikin masu gyaran babur da maƙeranmu daga irin wannan ƙirƙire-ƙirƙiren hannunsu ya faɗa.

Iyaye mata ba su yi laifi ba da suke cewa, “Kai, yi nesa da rumbu!” Da rani, lokacin da iskar hunturu ke kaɗawa, tartsatsi guda ya isa ya cinye dangar kara da abincin shekara. Ƙusar ma kan yi tsalle ta nufi ido, ƙarar kuma in a kusa da kunne aka yi ta tana iya taɓa ji.

Ta kanti ma tana da nata haɗarin, na kama da ta gaske. Shi ya sa a 1988 Amurka ta kafa dokar da ta tilasta sanya alama mai launin ruwan lemo a bakin bindigar wasa. A wannan zamani da jami'an tsaro ke tsaye a kan hanyar Zinder zuwa Agadas, in za ka saya wa ƙanenka ko ɗanka, duba bakin tukuna, ka zaɓi mai launi mai haske wadda ko daga nesa an san ta yara ce.