Kogon da ake shiga da tabarau

A kudu maso yammacin ƙasar Faransa, kusa da garin Montiñak, akwai wani kogo mai suna Lasko. Wasu samari huɗu ne suka gano shi a watan Satumba na 1940. Da suka haska fitila, sai suka ga zanen dawaki da bijimai da bareyi a jikin dutse. Mutanen da ne suka zana su, fiye da shekara 17,000 da suka wuce. Akwai bijimin da tsawonsa ya kai mita 5.

A 1948 aka buɗe kogon ga jama'a. Mutane suka yi ta zuwa, fiye da dubu a kowace rana. Amma numfashinsu da ɗumin jikinsu suka fara ɓata zanen. Gansakuka ta fito a bango. Don haka aka rufe kogon a 1963.

To, yaya za a yi mutane su ga zanen ba tare da sun lalata shi ba?

Da farko an gina wani kogo mai kama da shi, aka buɗe shi a 1983. Daga baya masana suka shiga kogon na asali da na'urar awo mai aiki da haske. Suka auna kowane lungu, suka ɗauki hotuna masu yawa. Kwamfuta ta haɗa awon da hotunan, ta fitar da siffar kogon daidai.

A 2021, a wani gidan tarihi na birnin Pari, an nuna wannan siffa a cikin tabarau na musamman. Idan mutum ya sa tabaran, sai ya ga kamar yana cikin kogon. In ya juya kai dama, ya ga dawaki. In ya ɗaga kai, ya ga bijimai. Alhali kuwa yana tsaye cikin ɗaki.

Ta haka ƴan lakwal da manya suke kallon aikin mutanen da, zanen kuma yana nan lafiya cikin duhu.

Tambayoyi
1. Su wa suka gano kogon Lasko?
2. Don me aka rufe shi?
3. Me mutum yake gani in ya sa tabaran?