Wakili Ɗan Aike Ne, A Tambaye Shi Lissafi

 Maganar da na kawo muku yau, na san wasu za su ce ba ta mata ba ce, ta maza ce a zaure. To, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, sa'an nan ku yanke hukunci.

Uwargida, in kin ba yaro kuɗi ran Talata kin aike shi kasuwar Mafara, ya dawo, abu biyu ki ke tambayarsa. Na fari, ka sayo abin da na aike ka? Na biyu, ina canji? Ko ɗan cikinki ne sai kin tambaya, ba don kina zarginsa da sata ba, sai don haka tarbiyya ta ke. To, wakilin da mu ke jefa wa ƙuri'a ɗan aike ne. Mu kan aike shi Abuja shekara huɗu, wani takwas, wani goma sha biyu, ya dawo gida, amma ba mai ce masa ina saƙo, balle ina canji.

Kwanan baya na je suna a Dakko, hira ta gangaro kan tsofaffin wakilai. Wannan ta ce wane hannunsa a buɗe ya ke, ya raba atamfa da sabulu. Waccan ta ce wane ya biya wa maƙwabcinta kujerar Makka. Na ce, to, wace doka ya goyi bayanta a majalisa, wace ya ƙi? Aka yi tsit. Can wata tsohuwa ta ce, "Ke 'yar nan, mu ina muka ga Abuja?" Gaskiyar Inna ce, ba kuwa laifinta ba ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Bari mu fara da sanin 'yan aikenmu. Ƙasar Bakura, inda Dakko ta ke, an gama ta da Maradun, suna aika mutum ɗaya Majalisar Wakilai mai kujera 360. Talata Mafara kuwa da Anka aka gama ta. Majalisar Dattawa kujera 109 gare ta, tamu ita ce ta Zamfara ta Yamma. Bello Matawalle na Maradun ya zauna Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2015. Abdul'aziz Yari na Talata Mafara ya zauna daga 2007 zuwa 2011. Alhaji Ahmad Sani, Yariman Bakura, ya yi shekara 12 a Majalisar Dattawa, daga 2007 zuwa 2019. Dukansu uku kuma sun yi gwamnan Zamfara. Kun ga ashe ba mu rasa manyan 'yan aike ba, tambaya muka rasa.

Me ya sa sanin inda wakili ya sa hannunsa ya ke da wuya? Domin galibi da murya a ke yanke magana a majalisa. Shugaba zai ce waɗanda suka yarda su amsa, sa'an nan waɗanda ba su yarda ba su amsa, gefen da ya ji ya fi ƙara shi ya ci, ya buga guduma, an wuce wurin. Ba a rubuta sunan kowa. Duk wadda ta taɓa tsayawa gaban aji ta san wannan. In yara suka amsa baki ɗaya, ba ki iya rarrabe wanda ya sani da wanda ke motsa leɓe kawai, balle wanda ke gyangyaɗi a baya. Sai kin kira su ɗaya ɗaya gaskiya ta ke fita.

Akwai ranakun da a ke kiransu ɗaya ɗaya. In za a gyara Tsarin Mulki, wajibi ne a ƙidaya, don sai an sami kashi biyu cikin uku, watau dattawa 73 da wakilai 240. Irin wannan rana ce 16 ga Yuli, 2013, magana kuwa ta mata ce. Sashe na 29 ya ba wanda ya kai munzili ikon barin zama ɗan Nijeriya in ya so, ya yanke munzilin a shekara 18, sa'an nan ya ƙara da cewa macen da ta yi aure za a ɗauke ta ta kai. Kwamitin gyara ya kawo shawara a soke wannan ƙarin, da fari aka yarda. Sai Yariman Bakura ya miƙe ya ce sokewar ta saɓa wa shari'ar Musulunci. Shugaban Majalisa, David Mark, ya bari aka sake ƙuri'a. Mutum 60 suka ce a soke, 35 suka ce a bari. Da ya ke 60 ba ta kai 73 ba, ƙarin ya zauna inda ya ke.

Ƙasa ta ɗauka. Wasu suka yabe shi suka ce ya tsare addini, wasu suka zarge shi suka ce ya buɗe ƙofar aurar da ƙananan yara, ko da ya ke sashen kansa kan barin ƙasa ya ke magana. Ba na nan don in gaya miki gefen da za ki bi, kina da hankalinki da malamanki. Abin lura shi ne, ran nan mun san inda namu ya tsaya, domin a fili ya tsaya. Jaridu suka buga sunayen mutum 35 ɗin nan. Ɗaya daga ciki, Sanata Ayo Akinyelure na jihar Ondo, da ya koma Akure matan ƙasarsa suka tasa shi gaba, har ya zubar da hawaye yana cewa kuskure ya yi wajen danna na'ura. Ku duba fa, 'yan'uwa, suna ɗaya a takarda ya kawo babban mutum gaban mata yana ba da hanzari.

Har wa yau, ran 1 ga Maris, 2022, majalisun biyu suka ƙidaya ƙuri'a, suka kayar da shawarwari biyar da suka shafi mata, ciki har da ta keɓe musu kujeru a majalisa. Ko kina so ko kina ƙi, ya kamata ki san yadda naki wakilin ya yi a ran nan.

To, mu zo ga canji. Shekara da shekaru ba a san abin da ɗan majalisa ke karɓa ba, sai ji-ta-ji-ta. A watan Maris na 2018 Sanata Shehu Sani na Kaduna ya fasa ƙwai, ya ce ban da albashi, a kan ba kowane sanata naira miliyan 13 da dubu 500 duk wata don tafiyar da ofis. 'Yan makaranta, ku ɗauko alli. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 18,000 ne. Ku raba, za ku sami 750, watau albashin ƙananan ma'aikata 750 ke nan. A watan Agusta na 2024 Sanata Kawu Sumaila na Kano ya gaya wa Sashen Hausa na BBC cewa abin ya kai naira miliyan 21 a wata. Ku raba da 70,000, mafi ƙarancin albashin shekarar, za ku sami 300.

Adalci ya sa in faɗi cewa wannan kuɗi ba na aljihu aka ce ba, na aiki ne, an kuma ce sai an kawo rasiɗi. Gaskiya ne kuma ƙofar wakili ba ta rabuwa da masu buƙata, wannan asibiti, wancan kuɗin makaranta. Amma ko nawa ne, daga baitulmalin jama'a ya fito. Saboda haka turmin atamfar nan da aka miƙo miki, kada ki ɗauka an yi miki alfarmar da za ta rufe miki baki. Ban da wannan kuma, shekaru da dama a kan keɓe naira biliyan 100 a kasafin kuɗin tarayya don ayyukan mazaɓu, irin su rijiyar burtsatse da ajujuwa da ɗakin shan magani. Tun 2019 hukumar ICPC ke bin sawun waɗannan ayyuka. Ke da ke ɗebo ruwa kullum, kin fi kowa sanin ko rijiyar na ba da ruwa ko allo kawai aka kafa.

Kada ku ce wannan ciwo namu ne mu kaɗai. A Ingila, a 2009, wata jarida ta tona kuɗaɗen da 'yan majalisa ke nema a biya su. Aka tarar har da wanda ya nemi a biya shi fam 1,645 na ɗakin agwagi. Shugaban majalisar ya sauka, aka ɗaure wasu, aka kuma kafa hukuma mai zaman kanta wadda ke buga abin da kowane wakili ya kashe da sunansa. Tambaya ce ta kawo wannan gyara, ba faɗa ba.

To, me za mu yi? Na ɗaya, ki sami ɗan littafi irin na adashi, ki rubuta alkawarin da aka yi wa garinku da ranar da aka yi shi. Na biyu, in tsohon wakili ya dawo neman ƙuri'a, ko ya turo jakadiyarsa cikin gida, ki yi tambaya uku cikin ladabi: wace doka ka kawo, ina ka tsaya ran da aka ƙidaya, wane aiki aka rubuta da sunan garinmu kuma nawa aka kashe? In ba ki fita, ki ba maigida saƙon, ko ku haɗa baki a makarantar Islamiyya ku rubuta takarda. Na uku, ku 'yan makaranta, ku riƙa karanta wa iyayenku labarin majalisa, ku kuma sani akwai doka tun 2011 wadda ta ba kowane ɗan ƙasa ikon neman bayani a rubuce daga ofishin gwamnati, a amsa masa cikin kwana bakwai.

Ku tuna, a zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa suna kallo. Sai a 1976 aka buɗe mana ƙofa, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya sun sha ɗauri a kan wannan magana. Abin da aka samo da wannan wahala ya fi ƙarfin sabulu. Wakili na kirki ba ya jin haushin tambaya, kamar yadda yaro mai gaskiya ke miƙo canji tun ba a ce ya kawo ba.

Allah ya ba mu shugabanni masu riƙon amana, ya ba mu ikon riƙe tamu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Haza wasalam.