Dokin Yumɓu: Wanda Ake Saye da Wanda Ba Na Sayarwa Ba Ne

Daga Gidan Runji zuwa Agye, har a dangana da Gazawa, babu dabbar da ta kai doki daraja a idon jama'a. A bisan doki Gobirawa suka yi ta fama bayan faɗuwar Alƙalawa a shekarar 1808, har Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri wajen 1836. Har yau kuwa, ranar hawan salla, jama'a na taruwa a ƙofar fada domin kallon kili da akawal cikin sirdi da jalala. Saboda haka ba abin mamaki ba ne mutanen wannan yanki su so siffar doki, ko da ta yumɓu ce. Amma dokin yumɓu iri uku ne, kuma ya kamata kowane ɗan ƙasa ya san bambancinsu.

Iri na farko shi ne na yara. Da damina, idan laka ta samu a bakin tabki ko gefen gulbi, yaro yakan murza ta ya yi doki, ya kafa masa ƙafafu da tsinke, ya shanya shi a rana. Idan ya yi sa'a, uwarsa ko kakarsa mai ginin tukwane ta sa masa shi cikin wuta ranar gashin tukwane, ya fito ja, ya daɗe bai fashe ba.

Iri na biyu shi ne na tangaran, mai ƙyalli, wanda ake yi a masana'antun ƙasashen waje, fatake su kawo shi kasuwa tare da kofuna da farantai. Wasu ma'aikata da ƴan kasuwa suna ajiye shi bisa tebur ko cikin kabad, kusa da jeren kwanoni. Waɗannan iri biyu babu wata magana a kansu: wanda ya ga dama ya tara, wanda bai ga dama ba ya bari.

Iri na uku shi ne wanda yake fitowa daga ƙarƙashin ƙasa, wanda mutanen dā suka gina suka binne tare da mamatansu. A kansa ne magana take.

Mahayin Bura

A shekarar 1975 wani saurayi ya tarar da kawunan mutum-mutumi na yumɓu a Bura, cikin ƙasar Tera, yamma da kogin Kwara. A 1983 masanin tarihi Bube Gado, na cibiyar binciken IRSH ta Jami'ar Yamai, ya yi haƙa a wurin bisa ƙa'idar ilimi. A fili ɗan ƙarami aka tarar da tukwane dogaye 630, an kifa su kusa da juna, waɗansu da siffar mutum a bisansu. Wurin makabarta ce, wadda aka fara amfani da ita tun wajen ƙarni na 3 bayan haihuwar Annabi Isa, aka yi ɗaruruwan shekaru ana binne mutane a cikinta.

Cikin abubuwan da aka samu har da wani mahayi bisa dokinsa, hannunsa cike da mundaye. A farfashe aka same shi, masana suka tattara gutsattsarinsa ɗaya bayan ɗaya suka haɗa. Wannan mahayi ya ba da shaida cewa mutanen kwarin Kwara sun san doki, sun san linzami, kuma suna girmama mahayi tun zamani mai nisa, kafin a rubuta labarinsu a kowane littafi.

A 1993 aka nuna kayan Bura a birnin Paris, cikin wani babban baje kolin tarihin ƙasashen da kogin Kwara ya ratsa. Sunan Nijar ya ɗaukaka, amma kuma idon dillalai ya buɗe. Cikin ƴan shekaru aka bi makabartun yankin ana tonewa, ana fasa tukwane, ana cire kawuna da siffofi ana fita da su a ɓoye. Haka kuma aka yi wa tsofaffin siffofin yumɓu na ƙasar Katsina da ta Sakkwato, maƙwabtan jahar Maraɗi. Ɓarnar ta kai har a shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura da na Katsina da na Sakkwato cikin jerin kayan Afirka da ta gargaɗi kowa kada ya saya.

Abin da ke sa farashi ya hau

Sha'awar tara tsofaffin dawakin yumɓu ta daɗe a Turai da Amurka. A ƙasar Sin, zamanin daular Tang (618 zuwa 907), ana binne manya da dawakin tangaran masu launin ruwan ƙasa da kore da fari. A farkon ƙarni na 20, sa'ad da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa kusa da birnin Luoyang, aka ratsa kaburbura, dawakin suka fito fili. Dillalai suka kwashe su, abin da aka yi domin kabari ya koma adon zauren masu kuɗi. A 1989, a birnin Landan, an sayar da doki guda ɗaya irin wannan a kan fam miliyan 3 da dubu 740.

Manomin da ya tono abu ba shi ne ke ganin irin wannan kuɗi ba. Shi ƴan jikkuna ake ba shi, ribar kuwa tana can hannun na uku da na huɗu. Ga kuma jabu ya cika kasuwa. Masana suna da na'urar da ke auna lokacin da yumɓu ya shiga wuta karo na ƙarshe, amma maha'inta sun koyi haɗa tsohon tsingaro da sabon yumɓu domin su ruɗi mai awo. Watau mai saye ma bai tsira ba.

A ƙasar Sin ɗin kuma akwai wani darasi dabam. A watan Maris na 1974 waɗansu manoma suna haƙa rijiya kusa da birnin Shi'an, suka ci karo da gutsattsarin yumɓu. Labari ya kai ga hukuma, masana suka zo. Abin da ya fito shi ne dubban sojojin yumɓu da ɗaruruwan dawaki, girmansu kamar na gaske, waɗanda aka binne tare da sarkin da ya fara haɗa kan ƙasar, wanda ya rasu shekara 210 kafin haihuwar Annabi Isa. Da yake an bar su inda suke, a 1987 UNESCO ta sa wurin cikin gadon duniya, kuma miliyoyin baƙi suna zuwa kallo kowace shekara.

Dalilin da ya sa ba a tonewa

Darajar tsohon abu ga masani tana tattare da wurin da aka same shi. Zurfin ramin, da gawayin da ke kusa, da ƙashi, da guntun ƙarfe, su ne ke faɗin shekarun abin da irin mutanen da suka yi shi. Da gawayi ake auna shekaru. Idan aka fizge doki daga cikin ƙasa aka watsar da sauran, ya zama kamar takarda guda da aka yage daga littafi: tana nan, amma ba a san abin da ya gabace ta ba balle abin da ya biyo ta.

Wannan magana ta shafi gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Runji kai tsaye. Ƙasa ce ta tsofaffin garuruwa da kufai, wadda yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 suka tashi ƙauyuka da yawa a cikinta. Manoma sun saba ganin tsingaro da kashin maƙera a gonaki, musamman bayan ruwa ya zaizaye ƙasa, ko wajen haƙar rijiya da ramin tubali. Ga iyaka kusa, ga babbar hanya ta ratsa gundumomin uku, abin da ke sauƙaƙa wa dillali aikinsa.

Akwai kuma wata hasara ta dabam. Wani idan ya tono siffar mutum ko ta dabba sai ya farfasa ta, yana cewa gunki ne. Ajiye irin wannan abu a gidan tarihi ba bauta ba ce. Shaida ce ta yadda mutanen dā suka zauna, kamar yadda ake ajiye tsohon takobi ko lifidi.

Abin da doka ta ce

Nijar ta amince tun 1972 da yarjejeniyar UNESCO ta 1970 wadda ta hana fataucin kayan tarihi ta ɓarauniyar hanya. Dokar ƙasa ta 30 ga Yuni 1997 kuma ta hana haƙar kayan tarihi ba da izni ba, ta hana fitar da su waje ba da izni ba, ta wajabta wa wanda ya tsinci irinsu ya sanar da hukuma.

Saboda haka wanda fartanyarsa ta taɓa tsohuwar tukunya ko siffar yumɓu, sai ya dakata da haƙa, ya bar abin inda yake, ya rufe shi da ƙasa, ya yi wa wurin alama. Kada ya wanke shi, kada ya kankare shi. Ya gaya wa mai gari, mai gari ya kai wa sarki da magajin gari da shugaban gunduma, su kuma su sanar da ma'aikatar al'adu. Malaman makaranta da na yaƙi da jahilci su bayyana wa ɗalibansu wannan hanya. Jandarmomi da ma'aikatan duwan su sa ido a kan kayan da ke ƙetare iyaka.

Mai son adon ɗaki da doki yana da hanya a buɗe. Ya sayi na tangaran a kasuwa, ko ya sa maginan tukwane na ƙauyensu su gina masa sabo, kuɗinsa ya shiga hannun mai sana'a. Na ƙarƙashin ƙasa kuwa, wurinsa shi ne Gidan Tarihi na Ƙasa Bubu Hama da ke Yamai, wanda aka buɗe tun 1959, inda ɗan Gazawa da ɗan Tera za su tsaya su gan shi tare.