Ƙwarin Cikin Laka Su Ne Shaidun Ruwanmu

'Yan'uwa manoma, da yawa cikinmu a ƙasar Mai'aduwa muna noman rani a fadama, wasu kuma a gefen madatsar ruwa ta Sabke. Ruwan da muke ban ruwa da shi, shi ne dabbobinmu ke sha, a cikinsa kuma yaranmu ke wanka. To, yaya za mu gane in ya soma lalacewa? Ido kaɗai ba ya isa, gama ruwa yakan yi garau alhali akwai guba a ciki.

Akwai shaidu waɗanda ba su ƙarya, wato ƙananan halittun da ke zaune a ƙarƙashin ruwa. Suna yin watanni a wuri guda, saboda haka duk abin da ya shiga ruwan sai ya taɓa su. Wasu ba su jure ƙazanta, wasu kuwa a cikinta suke ƙiba.

Tun a shekarun 1970 masana a Ingila suka tsara musu maki daga 1 zuwa 10. Tsutsa mai gina wa kanta gida da yashi takan sami har 10. 'Ya'yan mazari suna samun 8, matsattsaku 3, jar tsutsar laka 2. Wannan jar tsutsa tana iya rayuwa inda iskar cikin ruwa ta kusa ƙarewa, kamar inda kashin shanu da takin zamani suka yi yawa.

Ga yadda za mu yi. A ɗebo laka da ciyawar ruwa daga wurare 3, a wanke cikin rariya, a juye a farin faranti mai ɗan ruwa. A dakata kaɗan, za su soma motsi. Sai a ƙirga iri nawa ne, a rubuta a littafin ƙungiya. A maimaita a wuraren nan bayan damina, a kuma sake da bazara.

Ko a tafki mai kyau akan sami jar tsutsa. Abin tsoro shi ne a ga irin suna raguwa shekara bayan shekara, har ta rage ita kaɗai. In haka ta faru, mu bincika: wa ke wanke tankin feshi a bakin ruwa? Ina taki ke gangarowa?

Mu lura da abu biyu. Wannan gwaji ba ya nuna ruwa ya isa sha. A tafasa shi tukuna. Kuma kada a shiga ruwa ba takalmin roba, domin wasu ƙananan katantanwa ne ke ɗauke da tsargiya, mai sa fitsarin jini.

Ruwa amana ce da Allah ya ba mu tare da maƙwabtanmu duka. Bari kowace ƙungiya ta zaɓi mutum 2 su riƙe wannan aiki. Ubangiji ya taimake mu.