Cin Rani a Ƙasar Waje: Takarda Kafin Tafiya

A Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, cin rani tsohuwar al'ada ce. Da masara da dawa sun shiga rumbu, an kai auduga Funtuwa, sai samari su nufi Kano ko Ikko, su dawo da faɗuwar damina. Rashin tsaro ya rikita wannan lissafi. Gonar da ba ta nomuwa ba ta kiran mai ita gida, shi ya sa wasu ke zarcewa Libiya, Aljeriya da Saudiyya, su share shekaru.

Mai wannan niyya ya sani cewa a ƙasar wasu takarda ce gatan baƙo. A 1969 gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, Hausawa da dama suka fito daga zanguna, suka bar gidaje da rumfunan kasuwa. Ko yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, kwana 90 kawai ta ba mutum ya zauna ba biza.

A Saudiyya, zaman ma'aikaci a ɗaure yake da kafili, wanda ya ɗauko shi kuma yake sabunta masa iƙama, wato takardar izinin zama. Gyaran da aka yi wa tsarin a watan Maris na 2021 ya sauƙaƙa canjin wurin aiki, amma bai haɗa da 'yan aikin gida, direbobin gida, makiyaya da ma'aikatan gona ba, alhali nan ne mutanenmu da dama ke faɗawa. Bizar umara kuwa ta ibada ce. Wanda ya maƙale bayan ta ƙare zai rayu a ɓoye, in an cuce shi ba wurin kai ƙara.

Hanyar Libiya kuwa, daga Agadas zuwa Sabha, ta fi haɗari. Masu safara kan tsare matafiyi, su buga wa danginsa waya neman kuɗin fansa, irin masifar da ta koro shi daga gida.

Don haka kafin ka ba dillali ko kwabo, ka tabbatar yana da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. A rubuta maka albashi, tsawon kwantiragi da wanda zai biya kuɗin jirgin dawowa. Fasfonka ya zauna a hannunka, kwafinsa a gida. In ka ga alamar yaudara, ka sanar da hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP. Kada kuma ka sayar da gonar gado don kuɗin biza: kwantiragi na shekara biyu ne ko uku, kuma ranar da ya ƙare za ka buƙaci abin yi a gida.