Tsadar Katako Da Rufin Ɗakin Manomi

Duk wanda ya bi ƙauyuka da gefen birane a wannan zamani zai ga wani abu da ya zama ruwan dare, watau ɗakuna tsaye ba rufi. Bango ya kai inda a ke so, ga gurbin ƙofa, ga na taga, amma sama a buɗe. In an tambayi mai ɗakin, amsa ɗaya ce, kuɗin katako da kwano sun gagara. Manomi yakan fara gini da kaka, sa'ad da ya sayar da amfanin gona, da nufin ya rufe kafin ruwa ya sauko. In kuɗinsa suka ƙare a kan bango, to, damina ce za ta gaji ɗakin. Sau da yawa kuwa ɗakin nan na saurayi ne wanda aka riga aka sa wa rana, sai a yi ta ɗaga biki. Saboda haka ya kamata manomi ya san abin da ya kawo tsadar nan, da abin da zai iya yi a kanta.

Inda Katako Ya Ke Fitowa

Yawancin katakon da a ke gini da shi a Arewa ba a nan ya ke tsira ba. Daga kurmin Kudu a ke kawo shi, kamar jihohin Edo da Ondo da Ogun da Kuros Riba, da kuma dazuzzukan Taraba da Binuwai da Kogi da Neja. Can a ke sare loko da afara da obeche da malaina, a yanka su da inji, a loda wa manyan motoci. Daga Binin zuwa Kano tafiyar ta haura kilomita 800. Kafin sandar katako ɗaya ta iso hannun kafinta, an biya mai sara, da mai inji, da 'yan dako, da mai mota, da haraji iri iri a hanya, sa'an nan ɗan katako ya ɗora ribarsa. Duk inda kuɗi ya ƙaru cikin waɗannan, a kan mai gini zai sauka.

Abin Da Ya Kawo Tsadar

Dalili na farko, kuma mafi girma, shi ne daji ya ragu, mutane sun ƙaru. A ƙidayar 1963 mutanen Nijeriya wajen miliyan 55 ne, yanzu sun haura miliyan 200, kowa kuwa yana bukatar wurin sa haƙarƙari da wurin noma. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2010 cewa dajin ƙasar ya ragu daga hekta miliyan 17 a 1990 zuwa hekta miliyan 9 a 2010. Itacen loko yakan yi shekara 50 ko fiye kafin ya isa yanka, amma injin sara yana kayar da shi cikin ɗan lokaci kaɗan. Ga kuma masu gawayi, waɗanda kasuwarsu ta buɗe tun da kananzir da iskar gas suka yi tsada.

Na biyu, fatauci zuwa ƙasashen waje. Daga wajen 2013 fatake suka yi ca a kan maɗobiya, musamman a Taraba da Kogi, suna kai ta ƙasar Sin inda a ke yin kujeru da gadaje masu tsada da ita. Abin ya kai har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ke tsare wa a 2017, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya. Da ta yi ƙaranci sai zarto ya koma kan waɗansu, har a 2022 aka sa kawo da maɗaci su ma cikin jerin.

Na uku, mai da darajar Naira. Manyan motoci da injinan yanka da man dizal su ke aiki, shi kuwa a cikin 2022 lita ta tashi daga wajen Naira 300 zuwa wajen Naira 800. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura Naira 1,000. A Yunin 2023 kuma aka saki Naira, Dalar da a ke canzawa wajen Naira 460 a banki ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Injin sara da haƙorinsa, da taya, da ƙusa, da kwano, duk da kuɗin waje a ke sayo su ko a sayo abin yin su.

Na huɗu, rashin zaman lafiya. Dazuzzuka kamar Kamuku da Rugu sun zama maɓoyar 'yan bindiga, mai sara da direba ba su shiga sai da kasada, kasada kuwa kuɗi gare ta.

Tsadar Da Ke Wucewa Da Wadda Ba Ta Wucewa

A Amurka, inda a ke gina yawancin gidaje da katako tun daga bango har rufi, an ga irin wannan lokacin annobar korona. Ma'aunin da su ke ciniki da shi, wanda ya ke wajen Dala 350 a Afrilun 2020, ya haura Dala 1,600 a Mayun 2021, har ƙungiyar magina gidaje ta ƙasar ta ce an sami ƙarin kusan Dala 36,000 a kan kuɗin sabon gida guda. Amma can itatuwa suna nan tsaye, masana'antu ne suka rage aiki, mutane kuma suka yi rububin gini. Da aka koma aiki sai farashi ya sauko. Nan kuwa ba haka ba ne. Mai yana iya sauka, Naira tana iya farfaɗowa, amma itacen da aka sare ba a dasa wani ba, ba shi dawowa. Wanda ya ke jiran katako ya koma farashin da, jiran gawon shanu ya ke yi.

Yadda Abin Ya Ke Taɓa Gida

Ban da ɗakin da ya tsaya ba rufi, akwai wata hasara da ba a gani sai daga baya. Mai gida yakan matsa wa kafinta ya rage kaya. Sai a sa tu-bai-tu inda ya kamata a sa tu-bai-fo, a buɗa tsakanin sanduna, a rage ƙusa. A kasuwa kuma, abin da a ke kira tu-bai-fo sau da yawa in an sa awo ba ya cika inci 2 da inci 4. Ga ɗanyen katako, wanda aka yanka daga ƙaramin itace, yana da nauyi a hannu kamar na kirki, amma in ya sha zafin bazara sai ya karkace, ya tsage, ƙusa ta saki. Gara da ƙwaro kuma sun fi son irinsa. Ran da hadarin farko ya taso da iska, irin wannan rufi shi a ke tsinta a gonar maƙwabci. Araha ba ta ado, wanda ya yi rufi sau biyu ya fi wanda ya yi sau ɗaya kashe kuɗi.

Abin Da Mai Gini Zai Yi Bana

Da fari, a yi lissafin rufi tun ba a haƙa harsashi ba. Gara ɗaki ɗaya rufaffe da uku a buɗe. Mai hankali yakan fara sayen katako da kwano da ƙusa ya ajiye, domin ƙasa da ruwa da ƙarfin 'yan'uwa ba su gagara, kayan kasuwa su ke gudu.

Na biyu, a auna ɗaki bisa tsawon katako. Galibi ƙafa 12 a ke sayar da shi. Ɗakin da faɗinsa na ciki ƙafa 10 ne, sanda ɗaya za ta hau bango biyu ba sai an yi haɗi ba. In an ƙara faɗin ya kai ƙafa 13, kowace sanda sai an ƙara mata guntu, ga ɓarna, ga rauni a mahaɗa.

Na uku, a guji dogon rufi irin na yayi. Ga misali. Gini mai faɗin ƙafa 24, in aka ɗaga tsakiyar rufinsa ƙafa 5, kowace sandar gangare ƙafa 13 ce. In aka ɗaga ƙafa 12, sai ta zama kusan ƙafa 17. Watau ƙarin kusan kashi ɗaya cikin uku ke nan na katako da na kwano, ga shi kuwa ɗakunan ba su ƙaru da taki ɗaya ba, iska kuma ta fi samun wurin kamawa.

Na huɗu, a sayi katako da wuri, a je da abin awo. A jera shi a inuwa bisa duwatsu, a sa 'yan sanduna tsakanin jeri da jeri don iska ta ratsa, a bar shi makonni ya bushe. Sa'an nan a shafe shi da maganin gara irin su Solignum, musamman bakin da zai taɓa bango. Waɗansu sukan yi amfani da baƙin mai, ya fi babu, amma bai kai maganin ba. Daga ƙarshe a ɗaure katakon da ke bisa bango da langalanga wadda aka binne cikin ginin, in da hali kuma a yi wa bango rawani ya danne bakin kwano.

Azara Da Soro

Kafin zuwan kwano, da azara a ke rufe soro. Daga giginya a ke fasa ta, an fi son namiji wanda ya ƙosa, domin gara ba ta cinsa da sauƙi. Azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tsakanin ya wuce kamar ƙafa 6, shi ya sa magina suka ƙware wajen bakan gizo da ɗaurin guga don su rufe babban ɗaki da gajerun itatuwa. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen 1830 da wani abu, shaida ne ga ƙarkon wannan aiki. Soro ya fi kwano sanyi da bazara, ya fi shi ɗumi da hunturu, sai dai yana son yaɓe kowace shekara da gyaran indararo.

Amma ita ma azara ta yi wuya, don giginya takan yi shekara 30 ko fiye kafin ta isa fashi. Ga shi kuma ƙwallon da aka binne, yawanci muruci a ke tonewa a ci. Da mai binne ƙwallo 100 zai bar 10 su tashi, da jikokinsa ba su sayi azara ba. An ce inuwar giginya na nesa ka sha ta, to, na nesan nan jikan mai gona ne.

Katako Amfanin Gona Ne

Maganin da ya fi ƙarko shi ne manomi ya ɗauki itacen gini kamar gero da dawa, watau abin shukawa. Darbejiya, wadda aka fara dasawa a Barno a 1928, tana jure fari, tana ba da sandunan rufi cikin shekara 5 zuwa 8, in an sare ta kuma sai ta yi toho. Itacen turare, wanda waɗansu ke kira zaiti, ya fi ta miƙewa, amma yana shan ruwa ƙwarai, kada a dasa shi kusa da rijiya ko fadama ko tsakiyar hatsi. Malaina sai inda ruwa ya wadata, kamar kudancin Kaduna da Neja da Nasarawa.

Manoman Jamhuriyar Nijar sun riga sun gwada. A kwarin Majiya, tun 1975 aka fara dasa darbejiya layi biyu biyu don tare iska, daga baya ta zama abin yin sandunan gini da na sayarwa. A jihar Maraɗi kuma, tun 1983 aka fara abin da su ke kira sassaben zamani, watau mai sassabe ya bar toho biyu ko uku a kan kututturen kalgo ko sabara ko gawo, ya riƙa yi musu aski har su miƙe. An ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo ta haka a ƙasar sun kai hekta miliyan 5. Wannan ba ya cin ko kwabo, sai lura.

Gona mai hekta 1, watau kamar eka 2 da rabi, in kowane gefenta mita 100 ne, kewayenta mita 400 ke nan. In an dasa itace kowace mita 4, an sami 100. Amma a yi shawara da maƙwabci tukuna saboda inuwa da saiwa, gonar aro ko ta jingina kuwa kada a dasa sai da yardar mai ita. In akwai fako ko tudun da ba ya yin hatsi, ya fi kyau a tara su can, mita 3 tsakani.

A shuka iri cikin leda tun watan Maris ko Afrilu, a inuwa, kusa da ruwa. Irin darbejiya ba ya jimawa, sabo a ke shukawa. A haƙa rami mai zurfin ƙafa 1 da rabi, a gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki. Kada a dasa da ruwan farko, sai damina ta zauna, wajen ƙarshen Yuni ko Yuli. A yage ledar kafin a binne. Abokan gaban dashe uku ne, awaki da gara da wutar daji, saboda haka a yi masa shingen ƙaya shekara 2 ko 3, a nome ciyawar gindinsa kafin ta bushe.

Wanda ya ke son dashe sai ya nemi malamin daji ko malamin gona na ƙaramar hukumarsa tun da rani, ya tambayi irin da ya dace da ƙasarsa, da kuma dokar sara, domin a wurare da yawa akwai itatuwan da ba a sarewa sai da izini, ko da a gonar mutum su ke. Yaron da ya ke shekara 10 bana, in ubansa ya dasa masa itace 20 da wannan damina, ran da aka tashi yi masa ɗaki sandunan rufi suna nan a gona.