Yadda Tsofaffin Soja Suka Nemi Diyyar Gubar Feshi

A farkon daminar bana na fita rangadin makarantu a ƙasar Zuru, har na kwana biyu a Kanya. Wata safiya, tun ba a buga ƙararrawa ba, na ga wani yaro da bai wuce shekara 14 ba ya goyo famfon feshi za shi gona, ƙafa ba takalmi, hanci ba kariya, maganin kuwa yana ɗiga a gadon bayansa. Da maraice kuma wani dattijo, tsohon soja, ya zo masaukina da ƙunshin takardu, ya ce in duba masa ko akwai abin da zai samu saboda ciwon ƙirjin da ya baro aiki da shi. Da muka kwance sai muka tarar gara ta ci rabin takardar sallamarsa, ta likita kuwa babu ita ko kaɗan.

Abubuwan nan biyu su suka tuna mini da wani labari na ƙasa mai nisa, wanda ya haɗa soja da maganin feshi da takarda. Na ga ya kamata malamai da akawuna su ji shi, musamman na ƙasar Zuru. Kowa ya san ƙasar nan ƙasar soja ce. 'Ya'yanta sun je Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, sun yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, sun je Laberiya da Saliyo. Muhammadu Sani Sami sai da ya kai Manjo Janar kafin a naɗa shi Sarkin Zuru, Ishaya Bamaiyi kuma ya shugabanci sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Da wuya ka shiga unguwa ba ka sami gidan da ya ba da soja ba.

Asalin Abin

Turawan Ingila su suka fara feshin maganin kashe tsiro don yaƙi, a Malaya, a farkon shekarun 1950, don su hana 'yan tawaye maɓoya da abinci. Da Amurka ta shiga yaƙin Biyetnam sai ta ɗauki wannan dabara ta faɗaɗa ta ƙwarai. Daga 1962 zuwa 1971 jiragen samanta sun fesa kusan galan miliyan 20 a kan kurmi da gonaki da bakin koguna. Fiye da rabinsa wani iri ne da a ke kira Agent Orange, don a jikin kowane duro nasa akwai zane mai launin ruwan lemo.

Magunguna biyu aka haɗa daidai wa daida, ɗaya 2,4-D, ɗaya 2,4,5-T. Wajen dafa na biyun a masana'anta wata guba mai suna dayoksin ta kan samu a ciki. Ita wannan guba ba ta narkewa a ruwa, sai ta maƙale a ƙasa da laka, ta shiga kifi da agwagi, ta taru a kitsen mutum ta yi shekaru. Manomi ya kan sirka magani da ruwa mai yawa, amma a can gangariyarsa aka riƙa zubawa. Sojojin da suka yi aikin sun ɗura shi da hannu, sun kwana a dajin da aka fesa, sun sha ruwan rafukansa. Waɗansu ma sun yanke durorin sun mai da su mazubin ruwan wanka, don an ce musu ba ya cutar mutum. A watan Afrilu na 1970 aka dakatar da shi, bayan gwaji ya nuna 2,4,5-T yana sa ɓeraye su haifi nakasassun 'ya'ya.

Wata Akawu Ce Ta Tono Maganar

Soja suka koma gida, shekaru suka wuce. Sai aka fara ganin samari majiya ƙarfi da ciwon daji, waɗansu da ƙuraje masu taurin kai, waɗansu matansu na haihuwar 'ya'ya da nakasa. Kowa na ɗauka tasa ce ta same shi shi kaɗai.

A 1977, a ofishin kula da tsofaffin soja na birnin Chicago, akwai wata ma'aikaciya mai suna Maude DeVictor, aikinta duba takardun masu neman haƙƙi. Matar wani soja ta gaya mata cewa mijinta ya yi imani feshin Biyetnam ne ya sa masa ciwon daji. Maimakon ta rufe fayil ta wuce, sai ta shiga tambayar masu zuwa wurinta, a ina ka yi aiki, an yi feshi a wurin, me ke damunka. Tana rubutawa tana tarawa, har ta ga abu ɗaya ne ke ta maimaituwa. A watan Maris na 1978 wani gidan talabijin na birnin ya watsa labarin, ƙasa duka ta ɗauka. Ku lura, jama'a, ba likita ba ce, ba janar ba ce, ma'aikaciyar ofis ce mai kula da abin da ke gabanta.

Shari'a Da Sulhu

Tun 1950 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa soja ba shi da ikon kai Gwamnati ƙara saboda abin da ya same shi a bakin aiki. Saboda haka sai tsofaffin sojan suka juya kan kamfanonin da suka yi maganin. Wanda ya fara shi ne Paul Reutershan, wanda ya yi aiki cikin jirgi mai saukar ungulu. Ya shigar da ƙara a 1978, ya rasu a watan Disamba na wannan shekara yana ɗan shekara 28. A 1979 aka mai da ƙarar ta taron dangi.

Aka yi shekara biyar ana ja-in-ja. Ranar 7 ga Mayu, 1984, ranar da za a soma sauraron shari'ar a gaban Alƙali Jack Weinstein a New York, sai kamfanoni bakwai, cikinsu har da Dow da Monsanto, suka yarda su biya dala miliyan 180, bisa sharaɗin ba su amsa laifi ba. Kuɗin da yawa a kunne, amma da aka zo rabo sai ya zama cikin cokali. Mutum wajen 105,000 suka nema, kimanin 52,000 suka samu, watau waɗanda suka nakasa sarai da magadan waɗanda suka mutu. Bisa matsakaici kowa ya tashi da kamar dala 3,800. A 1997 aka rufe asusun.

Abin da ya karya ƙarfinsu a kotu shi ne hujja. Ciwon daji ba ya zuwa da hatimi a goshi. In mutum ya kamu bayan shekara 15, yaya zai tabbatar wa alƙali cewa feshin nan ne ya jawo, ba taba ba, ba gado ba?

Dokar Da Ta Sauke Musu Kaya

Cikin waɗanda suka tsaya a kan maganar har da Admiral Elmo Zumwalt. Shi ne shugaban sojan ruwa na Amurka a Biyetnam daga 1968 zuwa 1970, shi ya ba da umurni a fesa bakin koguna don a tsare yaransa daga kwanton ɓauna. Ɗansa na cikinsa yana cikin masu sintiri a kogunan nan, ya kuwa mutu da ciwon daji a 1988 yana da shekara 42. A 1990 uban ya rubuta wa Gwamnati rahoto yana goyon bayan a biya diyya.

A watan Fabrairu na 1991 aka kafa doka wadda ta sake tsarin gaba ɗaya. Ta ce duk wanda takardunsa suka nuna ya yi aiki a ƙasar Biyetnam a lokacin yaƙin, a ɗauka gubar ta taɓa shi. In kuma likita ya shaida yana da ɗaya daga cikin cututtukan da aka jera, a ɗauka ita ce sanadi, a ba shi magani da kuɗin wata. Da cuta uku aka fara. Aka kuma sa majalisar masana kimiyya ta ƙasar ta riƙa duba sabon bincike lokaci lokaci, ana ƙara jerin. A 1996 aka sa 'ya'yan soja da aka haifa da tsagewar ƙashin baya. A 2001 aka ƙara ciwon sukari na manya, a 2010 ciwon toshewar jijiyar zuciya da cutar rawar jiki da a ke kira Fakinsin. Sojan ruwa da suka tsaya kusa da gaɓa sai 2019 aka shigar da su, hawan jini kuwa sai 2022, shekara 51 bayan feshi na ƙarshe. Da yawa sun riga mu gidan gaskiya kafin layi ya zo kansu.

To, duk da sauƙin nan, abu biyu ba a yafe wa kowa ba, takardar da ta nuna inda ya yi aiki da yaushe, da takardar likita da ta ambaci cutar da sunanta.

Waɗanda Aka Fesa A Kansu Fa?

Nan ne labarin ya fi ɗaci. Sojan sama sun ajiye lissafin tashin jiragensu, da rana da wuri da yawan galan. A 2003 Jeanne Stellman ta Jami'ar Columbia da abokan aikinta suka gwama lissafin nan da ƙidayar ƙauyuka, suka ga mutum tsakanin miliyan 2.1 da miliyan 4.8 ke zaune a wuraren da aka fesa. Ƙungiyar waɗanda abin ya shafa a Biyetnam ta kai kamfanonin ƙara a Amurka a 2004. Shi dai Alƙali Weinstein ɗin nan ya kori ƙarar a 2005, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraronta a 2009, don an ce kamfanonin aikin Gwamnati suka yi. Wata tsohuwa mai suna Tran To Nga ta gwada a Faransa tun 2014, aka kore ta a 2021, kotun ɗaukaka ƙara ta Faris ta sake korar ta a watan Agusta na 2024. A Koriya ta Kudu, wadda ita ma ta aika soja yaƙin, dubbai suka kai ƙara, amma a 2013 Kotun Ƙolinsu mutum 39 kaɗai ta ce a biya, masu ƙurajen nan. Amurka dai ta ba da kuɗi an tsabtace filin jirgin sama na Da Nang daga 2012 zuwa 2018, aka soma na Bien Hoa a 2019. Talakan ƙauye kuwa ɗan abin da Gwamnatinsa ke ba shi ya dogara da shi.

Mu Shafa Wa Namu Ruwa

Nijeriya ba ta aika soja Biyetnam ba, kuma an daina yin 2,4,5-T da daɗewa. Shi 2,4-D da a ke sayarwa a kasuwanninmu ba shi ne ya ɗauko gubar nan ba. Amma kada wannan ya sa mu saki jiki. Yau feshi ya maye gurbin fartanya a gonaki da yawa, cikin irin magungunan nan kuwa akwai kamar farakwat, wanda kurɓi guda ya kan kashe mutum, ba shi kuma da makari. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A ƙasarmu akwai Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010. Ta haɗa da cutar da aiki ya jawo, ta ce ma'aikaci ya sanar da shugaban aikinsa cikin kwana 14, a kuma shigar da buƙata cikin shekara guda. Mai kaki ba ya cikinta, shi tasa hanyar ta likitocin soja ce da Hukumar Fanshon Soja a Abuja. Ko wace hanya aka bi, tambayar farko ita ce ina takarda.

Don haka ga roƙona. Malam akawu, in tsohon soja ko lebura ya zo maka da kuka, kada ka sallame shi da fatar baki. Rubuta sunansa da lambarsa, da inda ya yi aiki, da shekarun, da irin abin da ya taɓa da hannunsa, ka sa kwanan wata, ka ba shi kwafi. Tun zamanin En'e an san akawun kirki da tsaftar rajistarsa. Malamin asibiti, in an kawo maka wanda ya faɗi bayan feshi, rubuta sunan maganin kamar yadda ya ke a jikin kwalba. In ka sa "zazzaɓi" kurum, ka binne shaidar. Malamin makaranta, kai ne mai karatun gari. Karanta wa manoma abin da aka rubuta a jikin kwalbar, ka gaya musu a rufe hanci da hannu da ƙafa, kada a yi feshi ana fuskantar iska, kada a zuba ruwan sha ko man gyaɗa cikin jarkar magani, kada kuma a goya wa yaro famfo. Iyalan soja kuwa su ajiye takardu cikin akwatin ƙarfe, su yi kwafi su ba wani ɗan'uwa a wani gari.

Dattijon nan na Kanya, mun zauna da shi da hedimasta mun rubuta abin da ya iya tunawa, lambarsa da bataliyarsa da garuruwan da ya zauna, ya kuma ambaci abokan aikinsa biyu da ke raye waɗanda za su shaide shi. Na shawarce shi ya fara zuwa Babban Asibitin Zuru a auna shi a ba shi takarda, sa'an nan ya nemi reshen ƙungiyar tsofaffin soja su taya shi bin sawu. Da an yi wannan rubutu ranar da aka sallame shi, da aikin bai kai haka wuya ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kuma ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, amin.